Halwar Kwana Biyar a Ewu

Na tashi a gidan da ba a kwanciya barci sai an ja rosari, wato carbin addu'ar Katolika. Fadodin Dominikan 'yan Amurka ne suka yi aikin mishan a yankinmu na Malumfashi, kuma da yake rosari ibadarsu ce ta gado, sai ta shiga jinin iyayenmu, har ta kai mahaifiyata, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, tana jero asirai goma sha biyar, wato al'amuran rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunawa a rosari, da ka ba tare da tuntuɓe ba. Lokacin da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙara asiran haske guda biyar a shekarar 2002, cewa ta yi ita ta tsufa da sabon karatu, amma kafin shekara ta zagayo ta haddace su, har tana yi mana gyara. Na kawo wannan ne domin a san cewa ban girma cikin jahilcin addu'a ba. Sai dai tun bayan rasuwarta, addu'ata ta koma kamar kaset ɗin da aka kunna aka fita daga ɗaki: baki yana "A gaishe ki Maryamu", zuciya kuwa tana lissafin kuɗin haya da takardun jarrabawar ɗalibai da ban gama dubawa ba. Ina zuwa Mas kowace Lahadi, ina cikin kwamitin coci, har akan nemi in buɗe taro da addu'a saboda an ce na iya tsara magana, amma ni na san rijiyar ta ƙafe.

Da na kai kukana wurin Fadan cocinmu a Kaduna, na yi zaton zai ba ni wani littafi ko ya ƙara mini wata nobena, wato addu'ar kwana tara. Maimakon haka sai ya tambaye ni ko zan iya rabuwa da wayata na kwana biyar, kuma da na amsa cewa zan iya, ya ce in nemi masauki a gidan sufaye mabiya Waliyyi Benedikt da ke Ewu a jihar Edo. Na yi musu waya, aka ba ni rana a cikin dogon hutun watan Agusta, na kama shiri.

Daga Kaduna na shiga mota zuwa Abuja, na kwana wurin wani ɗan'uwa a Gwagwalada, washegari da sassafe na sami motar da za ta Benin. Direban Bakano ne, dattijo mai furfura a gemu, kuma da ya ji Hausata sai ya ba ni gidan gaba. Mun wuce Abaji da Koton Karfe, muka haye gadar Murtala Muhammed a Jamata, inda kogin Kwara ya cika ya batse saboda damina, sannan ya tambaye ni abin da zai kai ni Ewu, garin da a saninsa sai masu neman maganin gargajiya suke sauka. Na yi ta neman kalmar da zan fassara masa abin da muke kira "ritrit" a coci, daga ƙarshe na ce masa halwa zan shiga. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Malam, ashe ku ma kuna shiga halwa?" Na ce muna shiga, sai dai ni wannan ce ta farko. Ya ce to Allah ya karɓa, ya kuma ƙara da cewa malaminsa yakan ce kwana biyun farko su ne masu wuya. Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba sai daga baya.

Mun rabu da Lakwaja, garin da Fadodin ƙungiyar mishan ta Afirka (SMA) suka fara kafa mishan a 1884, muka nufi Okene, kuma daga nan hanya ta fara nuna halinta, ga ramuka, ga tireloli masu ɗaukar siminti daga Okpella sun yi jerin gwano. Mun ɓata sa'o'i a cunkoso, fasinjoji suna ta tsaki, amma da lokacin azahar ya yi, direban nan ya gangara gefen hanya kusa da wani masallaci, ya kashe mota, ya ɗauki butarsa. Wata mata a baya ta yi ta faɗa cewa dare zai yi mana, bai tanka mata ba. Na zauna ina kallonsa ta gilashi yana alwala a natse, sai na ji kunya ta kama ni, domin na shekara arba'in da shida ina zaune cikin Musulmi, ina ganin mai shago yana rufe shagonsa da ciniki a bakin ƙofa idan an kira salla, amma ban taɓa tambayar kaina abin da ni nake ajiyewa domin addu'a ba. Tawa addu'ar kullum ragowar lokaci take samu, bayan an gama komai, lokacin da ido ya riga ya yi nauyi.

Bayan Auchi da Agbede muka iso mararrabar Ewu da la'asar sakaliya, na sauka na hau acaɓa zuwa gidan sufayen. Ƙasar ja ce, ciyayi sun yi duhu, itatuwan kwakwar manja ko'ina, ga wata iska mai damshi da mutumin Arewa yake ji a fatarsa tun kafin ya sauke jaka. Sufaye daga Glenstal a ƙasar Ailan ne suka kafa gidan, sun fara zama a Eke kusa da Inugu, sannan suka dawo Ewu a 1979, kuma yau 'yan Najeriya ne suke riƙe da shi. Yawancin mutane sun san wurin ne saboda Paxherbals, cibiyar magungunan itatuwa da Fada Anselm Adodo ya kafa, wadda ita ce direbana yake nufi. Wanda ya karɓe ni wani Brada ne, wato sufin da ba Fada ba, mai fara'a da ya yi bautar ƙasa a Arewa, saboda haka da "Sannu da zuwa, Malam" ya tarbe ni, ko da yake ragowar hirarmu gauraye take da Turanci. Ya nuna mini ɗakina, mai gado ɗaya da tebur da kujera da gicciye a bango, ya ce a ƙa'idar Waliyyi Benedikt ana karɓar baƙo kamar Almasihu ne da kansa ya zo. Na kashe wayata a gabansa, na tura ta ƙasan jaka.

Wannan ƙa'ida da ya ambata ita ce ginshiƙin rayuwar gidan. Benedikt mutumin Nursiya ne a Italiya, an haife shi wajen shekarar 480, ya rasu a Monte Kasino wajen 547, kuma ya bar wa mabiyansa ɗan littafi mai babi 73 wanda kalmarsa ta farko ita ce "Saurara". A cikinsa ya tsara addu'a sau bakwai da rana da sau ɗaya da dare, yana kafa hujja da Zabura 119, inda mai zabura ya ce sau bakwai a rana yake yabon Allah, kuma yakan tashi da tsakar dare ya gode masa. Ya umarta a karance zaburoyi 150 duka a kowane mako, har yana yi wa sufayensa gori cewa magabata a rana ɗaya suke sauke abin da su masu sanyin jiki suke yi a mako. Bayan Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, an sassauta tsarin a wurare da yawa, littafin addu'ar da Fadodinmu suke riƙewa ma a mako huɗu yake zagaye Zabura, amma asalin abin bai sauya ba: idan ƙararrawa ta kaɗa, kowa yana ajiye abin da ke hannunsa ya nufi majami'a.

Ƙararrawar farko ta tashe ni gari bai waye ba. Na lallaɓa cikin duhu da tocila, na zauna a kujerun baƙi, sufaye suka shigo ɗaya bayan ɗaya ba mai magana, sannan murya guda ta ɗaga da kalmomin Zabura 51, "Ya Ubangiji, ka buɗe leɓunana," sauran suka amsa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin gaggawa. Ɓangare ɗaya ya rera aya, ɗayan ya karɓa, a tsakiyar kowace aya kuma akwai ɗan tsayawa kamar na mai jan numfashi, kuma sau biyu ina afkawa cikin wannan shirun da muryata ni kaɗai, saboda bakina ya saba da tsere. Da Turanci suke yi, ni kuwa ina bi da Littafi Mai Tsarki na Hausa a kan cinyata.

Maganar malamin direba ta tabbata. Kwana biyun farko sun yi mini nauyi ƙwarai. Tsakanin ƙararrawa da ƙararrawa babu rediyo, babu hira, kuma hannuna ya riƙa kai kansa aljihu neman wayar da ba ta nan. Na zauna gaban Jibi Mai Tsarki, wato gurasar da aka tsarkake a Mas, da niyyar yin sa'a guda, kafin minti goma na tsara jadawalin zango mai zuwa, na tuna bashin da nake bin wani abokin aiki, na kuma yi gardama da mutum uku a cikin kaina na ci nasara a kansu duka. Na ja rosari har sau uku a yini ɗaya don in cike gurbi, da rosarin mahaifiyata mai ƙwayoyin itace da suka yi santsi saboda shekaru, amma na tashi yadda na durƙusa. Da yammacin rana ta biyu har na fara lissafin ko in kama hanya da safe.

A daren nan na nemi ganin wani dattijon Fada da aka ce yana sauraron baƙi. Na zayyana masa duk addu'o'in da nake yi, da na safe da na dare da nobenonin da na kammala, ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam, an ce kai malamin makaranta ne. Idan ɗalibi ya shigo ofishinka kullum, ya yi ta zuba na minti goma sha biyar, ya juya ya fita kafin ka buɗe baki, me za ka ce da shi?" Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya tuna mini da Matiyu sura 6, inda Yesu ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa, kada kuma a yi ta tara kalmomi, ya ce Benedikt ma cewa ya yi addu'a ta zama gajeriya kuma tsarkakakkiya. Bai ce in bar rosari ba, ya dai ce in rage gudu. Game da tunane-tunanen da suke damuna kuwa, da na kwatanta masa su da kaji a kan shanya, sai ya kama misalin ya mayar mini da shi: macen da ta shanya tsaki a tabarma, in kaji suka zo korarsu take yi da hannu ta ci gaba da aikinta, ba ta tashi ta bi su har bayan gari. Ya ce duk sanda na farga hankalina ya tafi, in dawo da shi a hankali ba tare da zagin kaina ba, ko da sau ɗari ne, domin dawowar ita ma addu'a ce.

Daga nan ya koya mini karatun da sufaye suke kira lectio divina, wato karanta Nassi a matsayin addu'a. Wani sufi mai suna Gwigo na Biyu, a ƙarni na 12, ya kwatanta shi da tsani mai matakala huɗu: karantawa, juya maganar a zuciya, amsa wa Allah, sannan natsuwa a gabansa ba tare da kalma ba. Fadan ya ba ni ayoyi bakwai kacal, Markus 10:46 zuwa 52, labarin Bartimawas makaho a bakin hanyar Yariko, ya ce kada in wuce su har in bar Ewu, in karanta a hankali da murya ƙasa-ƙasa, inda kalma ta riƙe ni in tsaya.

A gaskiya na raina aikin, domin labari ne da na koyar da shi ga yaran katikisim ba sau ɗaya ba. Amma da na zauna da shi washegari a ƙarƙashin wata bishiya bayan an ɗauke ruwan sama, na karanta sau huɗu, sai na fara ganin abin da ban taɓa lura da shi ba. Mu da muka tashi a ƙasar Hausa mun san makaho mai bara a bakin kasuwa, mun san mayafin da yake shimfiɗawa a gabansa, wanda a kai sadaka take faɗowa, da dare kuma shi ne abin rufarsa. Markus ya ce da aka gaya wa Bartimawas Yesu yana kiransa, sai ya yar da mayafin ya zabura. Makaho ne, in ya yar da shi cikin taro ba lallai ya sake samunsa ba. Na daɗe a kan wannan. Sai kuma na iso tambayar Yesu, "Me kake so in yi maka?", a nan ne karatun ya tsaya cak. Ni da nake da jerin roƙo mai tsawon zira'i, na lafiyar yara da ƙarin girma a wurin aiki da zaman lafiyar ƙasa, na rasa amsar da zan bayar. Duk abin da na ɗauko sai in ji ba shi ba ne. Na zauna shiru har ƙararrawar tsakar rana ta kaɗa, kuma wannan ne karo na farko da sa'a guda ta wuce mini a addu'a ban duba agogo ba.

Amsar ta zo ne a addu'ar yamma, ta hanyar da ban so ba. Bayan rasuwar mahaifiyarmu, ƙanena ya sayar da wani yanki na gonar gado ba tare da ya shawarce ni ba, muka yi musayar kalmomi masu zafi a gaban dangi, kuma shekara uku ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Na riga na shawo kan kaina cewa maganar ta wuce, tunda ba na ambatarta. Da aka zo "Ubanmu wanda ke cikin sama" a wannan yammacin, da irin jan numfashin sufaye, babu hanyar tsallake "ka gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suke yi mana laifi", sai na gane cewa shekara uku ina bin ta kan wannan jimla da gudu kamar mai tsallake kwata. Da na ba Bradan labari, ya buɗe mini babi na 13 na ƙa'idarsu, inda Benedikt ya umarci shugaban gida ya karanta wannan addu'a da ƙarfi kowa yana ji, safe da yamma, saboda ƙayoyin saɓani da sukan tsiro tsakanin masu zama tare. Ashe tun ƙarni na 6 an san cewa mutum yana iya rera zabura kafaɗa da kafaɗa da wanda ba ya so ya gani.

Ba zan ce na fito daga majami'ar nan na yafe ba, domin ƙarya ce. Abin da na iya shi ne na koma wurin dattijon Fada a rana ta huɗu na furta zunubina, na kira abin da sunansa, wato ƙullaci da girman kai, ba "ɗan saɓanin iyali" da na saba faɗa ba. Na kuma sami amsar tambayar da Yesu ya yi wa Bartimawas, ko da yake ba mai daɗin faɗa ba ce: ina so in so yafewa, tunda a lokacin ko son ma babu. Fadan ya ce wannan roƙo ne na gaskiya, kuma Zabura cike take da irinsa. Ya nuna mini ta 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar ta'aziyya ko ɗaya ba, amma Ikilisiya ba ta cire ta daga addu'arta ba. A ganina wannan yana daga cikin abin da ke raunana addu'ar da yawa daga cikinmu: mun saba shiga gaban Allah da kayan Lahadi, muna gaya masa abin da muke zaton ya dace ya ji, alhali mai zabura kuka yake yi, yana ƙorafi, wani lokaci har yana tambayar Allah dalilin da ya sa ya yi barci.

Ragowar lokacin ya wuce cikin sauƙi. Na taya share hanyar masaukin baƙi da safe, na ci abinci ba tare da hira ba, na kuma fara jiran addu'ar kwanciya barci da ɗoki, musamman Zabura 91 da waƙar Maryamu da ake rufe yini da ita, bayan haka kowa ya watse shiru sai kukan gyare. Kafin in tafi, Fadan ya hana ni ɗaukar alkawuran da ba zan iya cikawa ba. Na zo masa da tsari mai shafi biyu, ya soke kusan duka, ya bar mini abu uku: minti goma sha biyar da Bisharar ranar kowace safiya a lokaci ɗaya da wuri ɗaya, addu'ar Mala'ikan Ubangiji da tsakar rana duk inda nake, da kuma ɗan binciken zuciya kafin barci irin wanda Waliyyi Ignatiyus na Loyola ya koyar, in gode wa Allah a kan abin da yinin ya kawo, in kuma dubi inda na kauce. Na ce masa a gida ba ni da ƙararrawa. Ya tambaye ni ko babu abin da yake tashina da asuba a Kaduna, sai na tuna da lasifikar masallacin unguwarmu, wadda na shekara goma ina juya mata baya ina jan bargo.

Na kunna wayata a tashar Auchi, saƙonni suka yi ta shigowa, babu ko ɗaya da ya kasa jiran kwana biyar. Tsakanin Okene da Lakwaja na rubuta wa ƙanena saƙo mai tsawo na goge, na sake rubuta wani na goge, domin kowanne sai in tarar na saka "amma" a tsakiyarsa. Muna kan gadar Jamata na tura masa kalmomi kaɗan: "Ina gaisuwa. Yaya damina, yaya yara?"

Yanzu wata na uku ke nan da dawowata. Idan ladan ya yi kiran farko nakan tashi in zauna a kujerar roba da na ajiye a lungun falo, kusa da taga, da Littafi Mai Tsarki da rosarin mahaifiyata. Akwai safiyar da barci yake sace ni a kan aya ta biyu, akwai makon jarrabawa da na yi fashin kwana huɗu a jere, kuma kajin nan har gobe suna zuwa shanya. Amsar ƙanena ta iso kwana biyu bayan na dawo gida, ita ma gajeriya: "Lafiya lau, Yaya. Masara ta yi kyau bana." Ba mu taɓo maganar gonar ba tukuna. Na gaya wa maiɗakina ta shirya yara, in an yi hutun Kirsimeti za mu je Malumfashi.